Gyaran direba ko gyaran titi: da wanne ya kamata gwamnati ta fara?

Duk gwamnatin da ta sha alwashin kawo ƙarshen mace-mace a kan titi, ta ƙasa ce ko ta jiha ko ta birni, ranar da aka zauna rabon kasafi za ta tarar hanya ta rabu biyu a gabanta. Masu ra'ayi na farko suna cewa matsalar tana bayan sitiyari: a koya wa direba, a ja masa kunne, a ci shi tara, in ya yi kunnen ƙashi a ƙwace lasisinsa. Masu ra'ayi na biyu suna cewa ɗan Adam ajizi ne, komai koyarwa sai wata rana ya yi kuskure, saboda haka a gyara titin da irin gudun da ake yi a kansa, yadda kuskuren ba zai zama ajalin kowa ba. A fatar baki kowa zai ce a haɗa duka biyun, kuma ƙasashen da suka ci nasara haɗawar suka yi. Sai dai kuɗi ba sa isa, wa'adin mulki gajere ne, kuma abin da aka sa a gaba shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Wanda yake da bakin magana a wurin rabon, da mai ƙuri'ar da zai tuhumi waɗanda suka yi rabon, duk suna bukatar sanin abin da kuɗin ke sayowa a kowane ɓangare.

Asarar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a 2021, wato fiye da mutum 3,000 kowace rana. Wasu miliyan 20 zuwa 50 suna jin rauni duk shekara, da yawansu nakasa ce ta har abada. Babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan kuma ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. A 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage wannan adadi da rabi kafin 2030.

Bin ta kan direba

Kayan aikin wannan ɓangare ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma abin takaici mafi rauninsu shi gwamnatoci suka fi so. Ina nufin wayar da kai: allunan gefen hanya, tallan rediyo da talabijin, makon kiyaye haɗari, jawabi a tashar mota. Yana da arha, ana ganinsa a hoto, ba ya ɓata wa kowa rai. Amma direban da yake gudun wuce sa'a ba rashin sani ke damunsa ba. Ya san gudu yana kisa, ya dai ɗauka wasu yake kashewa, waɗanda ba su kai shi iya mota ba. Ƙarin horo ma wani lokaci wannan tunanin yake ƙara wa ƙarfi. A Norwe an taɓa wajabta wa sababbin direbobi kwas na sarrafa mota a kan santsin ƙanƙara, da aka bi diddigi sai aka ga haɗarin samari a irin wannan hanya ƙaruwa ya yi. Sun fito daga kwas ɗin suna ganin sun ƙware, suka daina tsoron abin da ya kamata su ji tsoro. Koyar da tuƙi a makarantun sakandare, wanda aka daɗe ana yi a Amurka, shi ma an auna shi: yana sa yara su karɓi lasisi da wuri, amma ba a ga ya rage haɗari ba.

Doka mai haƙori daban take. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta rasa mutum 1,061 a kan hanya a 1970. A ƙarshen shekarar ta zama wuri na farko a duniya da ya wajabta ɗaura bel. A 1976 ta ba 'yan sanda ikon tsayar da kowane direba su gwada numfashinsa ko ya sha barasa, ba sai sun ga yana tangaɗi ba. A 1989 ta fara wasu tallace-tallace masu tayar da hankali a talabijin, kuma ana yawan kafa hujja da su cewa wayar da kai tana aiki. Amma tallan tafe yake da motocin gwajin barasa da kyamarorin kama masu gudu. Abin da yake gaya wa direba shi ne za a kama shi, yana fita kuma ya tarar ana kamawar. Yau jihar tana rasa ƙasa da mutum 300 a shekara, duk da jama'arta sun ƙaru sosai.

Hular kwano ita ce misali mafi sauri. A ranar 15 ga Disamba 2007 Biyetnam, ƙasar da babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, ta fara tilasta sa hula a dukkan hanyoyinta da tara mai nauyi. Cikin kwanaki kaɗan fiye da kashi 90 cikin 100 na masu hawa babur suka koma sa ta. Babu wani aikin siminti da zai iya yin haka cikin mako guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100, bel kuma yana rage mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Amma tsugune ba ta ƙare ba a Biyetnam ɗin, domin kasuwa ta cika da huluna marasa kauri waɗanda suke kare mutum daga tara, ba sa kare kansa daga kwalta. Dokar da ba ta zo da ma'aunin inganci da masu duba shi ba, rabin aiki ta yi.

Babban raunin wannan ɓangare shi ne ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Kullum sai an sake biya, kullum sai wani ya fito ya tsaya a rana. Kenya ta ga haka. A farkon 2004 ministan sufuri John Michuki ya tilasta wa motocin haya sa na'urar da ke hana wuce kilomita 80 a awa, da bel a kowace kujera, da daina lodin da ya wuce ƙa'ida. Haɗari ya ragu sosai a watannin farko. Da aka sassauta bin diddigi sai aka koma gidan jiya, har a 2018 gwamnati ta sake shelar dawo da dokokin da tun farko ba a soke su ba. Abin da ke sauya halin direba shi ne tabbacin cewa za a kama shi. Girman tarar yana zuwa daga baya, kuma a inda jami'i zai iya karɓar wani abu ya kau da kai, ƙara tara ƙara farashin cin hanci ne kawai.

Wannan ya sa kyamara ta zama makami mafi ƙarfi a hannun masu wannan ra'ayi. Ba ta gajiya, ba ta san ɗan wane ba. A 2002 shugaban Faransa Jacques Chirac ya sa kiyaye haɗari cikin manyan ayyukan mulkinsa, a 2003 aka fara kafa kyamarori masu aika takardar tara har gida. Ƙasar da ta rasa fiye da mutum 7,000 a 2002 ta sauko ƙasa da 4,000 a 2010. Sifen ta haɗa kyamara da lasisi mai maki a 2006, wanda ake zaftare wa direba maki duk laifin da ya yi har lasisin ya mutu, ita ma ta sauko daga fiye da 5,000 a 2003 zuwa ƙasa da 2,000 a 2013. Sai dai kyamara tana da sharuɗɗa. Dole rajistar motoci ta zama sahihiya, lambar mota ta kai ka ga mai ita da adireshinsa, in ba haka ba hoto kawai aka ɗauka. Dole kuma jama'a su yarda ba tarkon tatsar kuɗi ba ce. A Faransa ɗin, bayan an rage gudu daga kilomita 90 zuwa 80 a awa a hanyoyin karkara a 2018, masu zanga-zanga sun lalata kyamarori masu ɗimbin yawa. Suwidin takan kafa allo kafin kowace kyamara tana sanar da direba, don abin da take nema ya rage gudu, ba ya biya ba. Ni a ganina wannan ce hanyar da ta fi daɗewa.

Bin ta kan titi

A Oktoban 1997 majalisar dokokin Suwidin ta amince da manufar da duniya ta sani da sunan Vision Zero, wato burin kai mace-macen hanya sifili, wadda Claes Tingvall na hukumar hanyoyin ƙasar yake cikin manyan waɗanda suka tsara ta. Manufar ta ce ba a yarda a sayi saurin zirga-zirga da ran mutum ko lafiyarsa ba, ta kuma raba alhaki: mai amfani da hanya ya bi doka, amma in ya kasa, ko ya bi kuma duk da haka aka mutu, alhaki ya koma kan waɗanda suka tsara hanyar su ɗauki wani matakin. Tunanin ba baƙo ba ne. Mai rijiya a tsakar gida ba ya tsayawa kan gaya wa yara su yi hattara, murfi yake sa mata.

Ma'aunin da suka ɗauka shi ne abin da jikin mutum yake iya jurewa. Inda mota take cuɗanya da masu tafiya a ƙasa, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa. A mararraba, inda wata motar za ta iya dakar wata a haƙarƙari, kada ya wuce 50. Inda za a iya yin taho-mu-gama, kada ya wuce 70. Wanda yake son gudun da ya fi haka sai ya raba hannuwan titin da shinge, ya kawar da mahaɗar da ake gittawa.

Bambancin 30 da 50 yana da wuyar ji a jikin mai tuƙi, don haka a duba shi da awo. Ga yaro ya faɗo titi daga bayan wata mota da aka ajiye, taku kaɗan a gabanka, a ce mita 14. Direba mai hankali a kwance yana ɗaukar kamar daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai kan burki. In yana 30, cikin daƙiƙar nan motar ta ci mita 8, burki ya ci wasu mita 5 a busasshiyar kwalta, ta tsaya a mita 13. Yaron ya tsorata, ya ruga gida. In yana 50, daƙiƙar kaɗai ta cinye mita 14 ɗin. Zai kaɗe yaron da cikakken gudunsa, ƙafarsa ba ta ma gama taka burkin ba. Bugun mota mai gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, na 30 kuwa kamar mita 3 da rabi. Direba ɗaya ne, kulawarsa ɗaya, bai sha komai ba, ba ya waya. Ba abin da za a koya masa a aji da zai sauya wannan lissafi. Shi ya sa aka ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake mutuwa da kusan kashi 4.

Amma rubuta 30 a allo a kan titi mai faɗi, miƙaƙƙe, ba ya sa kowa ya yi 30. Idon direba titin yake karantawa kafin allon. Don haka ake ƙuntata layi, a ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu, a sa tsibiri a tsakiya inda mai tsallakawa zai tsaya ya huta, a matse kwana yadda ba a shanta a guje. Holan ta fi kowa nisa a wannan. A 1972 ta rasa mutum 3,264, a shekarar da ta gabata kuma yara fiye da 400 ne suka mutu a titunanta, abin da ya fito da iyaye zanga-zanga. Daga shekarun 1990 ta kasa hanyoyinta gida uku: na dogon zango, na rarraba motoci cikin gari, da na ƙofar gida, kowanne da fasalinsa da gudunsa, yadda direba zai gane inda yake ko ba allo. Unguwanni suka koma 30, ƙananan hanyoyin karkara 60, masu keke aka ware musu nasu layin a duk inda mota ke gudu. Yanzu ƙasar tana rasa ƙasa da mutum 800 a shekara, ko da yake adadin ya ɗan hau a shekarun baya-bayan nan, musamman tsakanin tsofaffi masu keke.

A wajen gari kuwa taho-mu-gama ce mai kisa, kuma maganin da Suwidin ta samo mata ya cancanci a tsaya a kansa. Maimakon gina tagwayen hanya, wanda kuɗinsa ba ya ɗaukuwa, sai ta ɗauki faffaɗan titin da take da shi ta mayar da shi layi uku, ta ja shingen igiyar ƙarfe a tsakiya. Layin tsakiyar ana karɓa-karɓa da shi: wannan hannun ya yi amfani da shi na kilomita ɗaya ko biyu ya wuce manyan motoci, sannan ya koma na ɗaya hannun. An fara gwadawa a 1998 kusa da garin Gävle, mutane da yawa suna ganin ganganci ne. Mace-mace a irin waɗannan hanyoyi suka ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Direban da gyangyaɗi ya ɗauke shi yana nan, mai ƙoƙarin wuce tirela a kan kwana yana nan. Igiyar ce take tare su, a wayi gari ana gyaran shinge da gefen mota.

Shataletale ma haka yake aiki. A mararraba mai hannu huɗu akwai wurare 32 da hanyar wata mota za ta iya cin karo da ta wata, a ƙaramin shataletale mai layi ɗaya 8 ne kawai, kuma duk a karkace ake haɗuwa, a hankali. Danja tana dogara da biyayyar direba, wanda ya ƙi tsayawa a ja ya shigo da gudunsa duka. Shataletale kuwa ko ba ka so sai ka rage. Ƙananan gogayya za su iya ƙaruwa, gawa ce take raguwa. A nan dai a yi hattara: ƙaton shataletale mai layi uku ko huɗu da ake shiga a guje ba ya cikin wannan lissafi, ga mai tafiya a ƙasa da mai keke ma masifa ne.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne wannan aikin masu kuɗi ne. Wani ɓangarensa haka ne, wani kuwa ko kusa. A mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Akara zuwa Kumasi a Gana, 'yan layukan tudu masu girgiza mota da aka shimfiɗa sun rage haɗari da kusan kashi 35 cikin 100, mace-mace da kusan kashi 55, tsakanin farkon 2000 da Afrilun 2001. A Darussalam ta Tanzaniya ƙungiyar Amend ta riƙa zaɓar makarantun da aka fi kaɗe yaransu, tana sa tudun rage gudu da wurin tsallakawa da hanyar ƙafa a kewayensu, aka auna aka ga raunin yara ya ragu da kashi 26 cikin 100. Garin Hoboken na Amurka, mai mutum kusan 60,000, ya shafe shekara bakwai a jere daga farkon 2017 ba a mutu a titinsa ba, kuma babban abin da ya yi ƙarami ne: ya kafa sanduna a bakin kowace kwana don kada a ajiye mota dab da wurin tsallakawa, mai tuƙi da mai tsallakawa su ga juna tun da nisa. Ƙaramin gari ne mai cunkoso wanda dama ba a gudu sosai a cikinsa, ba za a auna shi da babban birni ba, amma sandunan a ko'ina za su yi aiki.

Akwai wani ruɗu da ya kamata a kauce masa, don yana cin rayuka. Ba kowane aikin titi ba ne aikin kiyaye rai. In aka ɗauki tsohuwar hanya mai ramuka wadda ta ratsa tsakiyar gari aka shimfiɗa mata sabuwar kwalta, aka faɗaɗa ta, ba hanyar ƙafa, ba wurin tsallakawa, ba abin rage gudu, to an ƙara mata kisa ne. Ramukan da ake zagi su ne suke riƙe da gudun. Gadar sama ta masu tafiya a ƙasa ma sau da yawa don mota aka yi ta, kada a tsayar da ita. Tsoho mai ciwon gwiwa, da mace mai ciki, da mai kaya a ka, da mai keken guragu, ba za su hau matakala masu yawa su yi zagaye mai nisa ba. Za su bi ta ƙasa, in an kaɗe su a ce laifinsu ne. A kan babbar hanyar da ba makawa sai an yi gudu, gada tana da wuri. A tsakiyar gari, tsallakawa a ƙasa da rage gudun motar ya fi arha, ya fi aiki.

Farashin gaskiya na wannan ɓangare na siyasa ne. Rage gudu yana taɓa kowane mai mota kowace rana, wanda aka ceta kuwa bai san an cece shi ba, balle ya zo godiya. A Satumban 2023 yankin Wels na Birtaniya ya mayar da gudun cikin unguwanni mil 20 a awa, kimanin kilomita 32. Mutum fiye da 460,000 suka sa hannu a takardar neman a soke. A shekarar farko waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a irin waɗannan tituna sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, duk da haka sai da gwamnati ta ba ƙananan hukumomi damar mayar da wasu titunan yadda suke. A Sao Paulo ta Burazil an rage gudu a manyan titunan birnin a 2015, ɗan takara ya yi kamfe da alkawarin mayar da shi, ya ci, ya mayar a farkon 2017. Lamba a allo ana sauya ta da sa hannu ɗaya. Tudun siminti da shingen ƙarfe sun fi wuyar tumɓukewa, wannan ma wani dalili ne na fifita su.

Kuma ba a ganin sakamako da wuri. Suwidin ta rasa mutum 541 a 1997, ta sa burin rage rabi kafin 2007, ba ta cimma ba, a shekarar mutum 471 suka mutu. Sai a 2020 ta sauko 204. Oslo, babban birnin Norwe, wadda ta rasa mutum 41 a 1975, sai a 2019 ta ga shekarar da ba a kashe mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ba. Helsinki, babban birnin Finlan, ta yi wata goma sha biyu cur zuwa Yulin 2025 ba a mutu a titinta ba, bayan shekaru masu yawa tana rage gudu unguwa bayan unguwa. Ɗaukar sunan manufar Vision Zero kaɗai ba ya haifar da komai. Los Anjelis ta Amurka ta yi shelar tata a 2015 da alkawarin kai wa sifili a 2025, amma faffaɗan titunanta kusan yadda suke aka bar su, mamatan suka haura 300 a 2022 da 2023.

To wanne?

Amsar tana farawa da tambayar wa ke mutuwa, a ina, da wane lokaci. Inda mafi yawan gawarwakin na masu babur ne da suka fashe kai, dokar hula mai inganci ce farko, ba ta jiran kwangila. Inda na cikin mota ne ake tsintowa a waje bayan ta wuntsila, bel ne. Inda dare ne da maye, gwajin numfashin kowane direba ne. Waɗannan ukun, da kama masu gudu, su ne wuraren da bin ta kan direba yake biyan kuɗinsa har da riba, kuma zan so a tattara ƙarfin jami'ai a kansu maimakon ɓata yini ana duba takardu. Wayar da kai a bar mata aiki ɗaya: sanar da mutane dokar da za a fara tilastawa, da ranar, da dalilin.

Kaso mafi girma kuwa, in ni ake tambaya, na titi ne da gudu. Dalilina shi ne yawancin waɗanda ke haddasa mummunan haɗari ba 'yan ganganci ba ne da za a iya tacewa a cire. Mutane ne irin kowa, waɗanda hankalinsu ya tafi wani wuri na daƙiƙa biyu, ko rana ta kashe musu ido, ko suka yi kuskuren auna nisan motar da ke tahowa. Ɗan sanda ba ya hana wannan, kyamara ma ba ta hanawa. Sannan abin da aka gina yana aiki da tsakar dare, yana aiki bayan an sauya gwamnati, yana aiki a kan baƙon da bai taɓa jin tallan ba. A inda hukumomin tilasta doka suke da rauni, hujjar ƙaruwa take yi, don tudun rage gudu ba ya karɓar cin hanci.

Ba sai an gyara ƙasa duka ba kafin a ga bambanci. A kusan kowane birni da aka zana taswirar haɗari, ƙaramin kaso na tituna ne ke ɗauke da mafi yawan mace-macen. A fara da su, da fenti da sanduna da tudu, a auna, abin da ya yi aiki a zuba masa siminti. Duk sabuwar hanyar da za a bayar da kwangilarta kuma a sa wasu masana da ba su da hannu a zanen su duba shi kafin a fara, don gyara a takarda ya fi fasa kwalta sauƙi. Akwai abubuwa biyu da ba sa cikin wannan muhawara amma ba a barinsu a baya: ma'aunin ingancin motocin da ake bari su shigo ƙasa, da saurin kai wanda ya ji rauni asibitin da zai iya tsayar masa da jini.

Duk wannan yana kan ƙidaya ta gaskiya, kuma nan ne gwamnatoci da yawa suke fara faɗuwa. Ma'aunin da aka fi yarda da shi a duniya shi ne duk wanda ya mutu cikin kwana 30 da haɗari a lissafa shi. Inda ake ƙirga wanda ya cika a wurin kaɗai, waɗanda suka ƙarasa a asibiti ko a gida sun ɓace daga littafi, shi ya sa a wasu ƙasashe ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya yake ninka adadin da hukuma ta bayar sau da yawa. Masu munanan raunuka sun fi ɓacewa, alhali sun ninka mamatan, kuma a ƙaramin gari su ne za su nuna maka mahaɗar da ke da matsala tun kafin ta kashe wani. Dole a haɗa littafin 'yan sanda da na asibiti. Hukumar hanyoyin Suwidin takan binciki duk haɗarin da aka mutu a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ba don neman wanda za a gurfanar ba, wannan aikin 'yan sanda ne. Masu binciken suna duba gudun da ake yi a wurin, da ko akwai shinge, da abin da motar ta daka a gefen hanya, da shekarun motar, da ko an ɗaura bel, sannan su rubuta abin da za a sauya a wurin da kuma sauran wurare masu irin fasalinsa.